Shekarar da Baba Ya Rufe Rijiyoyin Fadama

Kwanan baya muna dawowa daga wani suna a Hunkuyi, direbanmu ya yanke ta sabuwar hanyar da ta ratsa fadamar ƙauyen da aka haife ni. Na daɗe ban bi ta wurin ba. Na roƙi matar da ke gefen taga ta sauke mini gilashi, na miƙa wuya ina dubawa. Raken yana nan kore shar, ya ma fi na zamaninmu yawa. Amma kunnena bai gane wurin ba. Ko'ina injin ban ruwa ne ke ɓaɓatu, wannan ya yi tari wancan ya amsa masa, ga bututun roba sun mimmiƙe cikin gonaki. Babu jigo ko ɗaya, babu doki. Na nemi giginyun nan huɗu da ke bakin gonarmu ban gan su ba, sai daga baya na tuna ai mu da kanmu muka sare su.

A zamaninmu fadama ba ta san wannan hayaniya ba. Abin da za ka ji da safe shi ne kukan jigo, ya sunkuya ya ɗebo, ya ɗago ya zubar, mai ban ruwa na bin sa da 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. In kaka ta wuce rake ya ƙosa, sai a kafa injin matsa, doki na jan sa yana zagaye wuri guda tun hantsi har la'asar. Ruwan raken ya tsiyaya cikin garwa, a juye shi a manyan kasake na ƙarfe, a hura wuta da busasshiyar tuƙa, a yi ta juyawa har ya yi kauri, sannan a zuba a 'yan kwanoni ya daskare ya zama mazarƙwaila. Ƙanshin nan har ɗakin Inna yake iske mu. Ranar kasuwar Makarfi tun kafin gari ya gama wayewa za ka ji jakuna suna wucewa ta bayan gida, masu kora suna tsawa. Baba da ƙaninsa, Baffa, wannan ita ce sana'arsu, ita muke ci, ita muke sawa.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka aiki da ni yake tashi. Kafin rana ta leƙo na share tsakar gida, na kawo tulu uku daga rijiyar unguwa, na kama surfe. In muka haɗu da 'yan matan maƙwabta muna lugude, har tafi muke yi tsakanin jefa taɓarya da cafe ta. Iya, kakarmu ta wajen uba, tana zaune a kan tabarma da mazarinta tana kaɗi, idonta a kan zare amma babu abin da ke wuce ta. In na yi tsaki sai ta ce, "Aiki bai taɓa kashe yarinya ba, ƙiwa ce ke hana ta miji." Yanzu jikokina famfo suke murɗawa, hatsi a kai inji, in ka aike su sai sun gama da waya tukuna. Ban ce sun yi laifi ba, kowa da zamaninsa. Amma akwai wani abu da muka sani wanda su ba su sani ba, wato kunyar ɗan fari. Inna ba ta kama sunana. "Ke," ko "yarinyar nan," shi ke nan. Ba ta yaba mini a gaban mutane, ba ta zama da ni mu yi hira. Ban ɗauke shi ƙiyayya ba, haka na ga ana yi a kowane gida.

Mu uku ne mata a jere, sannan Allah ya kawo namiji, shi ya sa ake ce masa Tanko. Bayansa aka sake samun mace, tana goye a lokacin da nake ba da labari. Tanko bai fi shekara huɗu ba. Ɗan baƙi ne mai tumbi, ga surutu, ga shi ba ya zama wuri ɗaya. Baba in ya dawo daga fadama, kafin ya sha ruwa sai ya ɗaga shi sama ya ce, "Ina sarkin noma?" Shi kuwa ya ce, "Ga ni." Duk inda na sa ƙafa yana biye da ni, riƙe da bakin zanena.

Ranar da abin ya faru, rana ta take tsaka, Inna ta ɗora mini akushin dambu da ƙwaryar fura in kai wa su Baba. Tanko ya sa kuka sai ya bi ni. Inna ta ce, "Tafi da shi, ki riƙe masa hannu." Na riƙe shi har muka isa. Na sauke abinci, Baffa ya yanko masa gaɓar rake ya fere masa, ya zauna a inuwa yana sha. A daidai lokacin ake sauke kasko, kuma mu yara mun san in an gama zubawa a kwanoni akan bar mana abin da ya manne a gindi mu kankare. Na tsuguna da ɗan tsinke ina kankara ina lasa. Wallahi ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Shekara da shekaru ina auna shi a raina, wani lokaci in ga kamar ƙiftawar ido ne, wani lokaci in ga kamar yini guda. Da na waiwaya, babu Tanko a inuwa.

Rijiyoyin fadama a wancan lokaci ramuka ne kawai. Kowane manomi ya haƙa tasa a gefen gona, faɗin baki kamar ɗaki, ba gini ba murfi, busasshen ganyen rake ya lulluɓe gefenta har ba ka gane inda ƙasa ta ƙare. Muka yi ta kira, Baba ya kutsa cikin rake yana kiran sarkin noma. Baffa ne ya leƙa rijiyarmu ya ga gaɓar raken tana yawo a kan ruwa. Bai tsaya tuɓe riga ba ya faɗa. Da ya miƙo Tanko, Baba ya kifa shi a gwiwa, ya danna, ya jijjiga, ya hura masa iska a baki. Dokin ma ya tsaya da kansa, babu wanda ya ce masa tsaya.

Inna tana tankaɗe aka shigo da shi naɗe a rawanin wani dattijo. Ta ajiye rariya a hankali, ta dube shi, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," har sau uku. Matan maƙwabta suka ɓarke da kururuwa, ta ɗaga musu hannu ta ce, "Don Allah ku yi masa addu'a, kar ku yi masa ihu." Kafin la'asar ta yi sanyi an kai shi. Kukan Inna a madafa take yin sa, in an shigo ta ce hayaƙi ne.

Wanda ya karye shi ne Baba. Mutum ne mai dariya, ana jin muryarsa daga masallaci, amma tun daga ranar ya zama kamar an zare masa laka. Zai je salla ya dawo ya zauna a zaure ya zuba wa bango ido. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, mutane suka koma harkokinsu, shi bai koma ba. Doki na ɗaure a turke. Rake ya wuce lokacin yanka, ya fara bushewa a tsaye, ɓeraye na ci ta gindi. Baffa ya yi magana har ya gaji, shi kaɗai kuma ba zai iya da yanka da matsa da dafawa ba.

Ni kuwa abin da ke cina daban ne. Babu wanda ya buge ni, babu wanda ya ce mini don me, kuma da an buge ni da na fi samun sauƙi. Wata safiya a bakin rijiyar unguwa na ji wata mata tana ce wa 'yar'uwarta, ba ta ko rage murya ba, "Ai ga ta nan, ita aka ba riƙo ta tsaya lasar kasko." Na ɗauki tuluna rabi na koma gida. Daga ranar na daina taɓa jaririyarmu. In ta yi kuka sai in nemi wani aiki a bayan rumbu. Na sa a raina hannuna ba na riƙon yara ba ne. Shirun Inna da na saba da shi tun tasowata, yanzu sai na riƙa jin sa kamar hukunci.

Bayan sadakar arba'in Baba ya shigo ya durƙusa gaban Iya ya ce, "Iya, na yanke shawara. Zan bar fadamar nan. Zan koma Saulawa wurin su Kawu in nemi gonar tudu. Ba zan iya sake taka wurin can ba."

Iya ta ajiye mazari ta ce, "A Saulawan ba a mutuwa ne?"

Ya tashi ya fita. Muka san maganar ta zauna.

Washegari da hantsi ina sheƙe dawa kusa da ƙofar ɗakin Baba, Inna ta kai masa koko ta durƙusa. Maimakon ta tashi kamar kullum, sai ta gyara zama.

"Malam, ina da magana."

"Ina jin ki."

"Ranar uku ina bayan zana na ji abin da Liman ya gaya muku. Ya ce yaron da ya rasu bai san zunubi ba yana can yana jiran iyayensa, ba zai yarda ya shiga Aljanna ba sai ya riƙo hannunsu. Ka yarda da wannan?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Na yarda mana."

"To ni ma na yarda, shi ne ma abin da ke tashe ni da safe. Amma ba na so in je masa hannu rabbana. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, ban ce don me ba, ba kuwa zan ce ba. Kwanansa ne ya ƙare. Amma ramin nan, Malam, ba daga sama ya faɗo ba. Hannu ne ya haƙa shi ya bar shi buɗe. Yana nan buɗe har yau, shi da 'yan'uwansa, kuma yau ma 'ya'yan mutane za su kai abinci. In muka tafi Saulawa, wa muka bar wa su?"

Na daina sheƙa don kar faifai ya yi ƙara. Can Baba ya ce, "Me kike so in yi?"

Ta ce, "Kana da giginya huɗu. Kana da gatari."

Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba. Baba ne ke kuka, irin kukan manya mai fitowa daga ƙirji. Inna ba ta ce masa ya yi shiru ba. Ta zauna har ya gama, ta tura masa ƙwaryar kokon ta ce, "Sha, ya huce."

Da gari ya waye, daga masallaci bai zauna a zaure ba. Ya ɗauki gatari, ya biya wa Baffa, suka nufi fadama. Da rana ta yi, Inna ta gama abinci ta zuba a akushi. Na laɓe a bayan rumbu ina fatan a aiki ƙanwata. Sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, da muryar Inna. Na ɗauka kunnena ne. Ta sake kira. Na fito na ce, "Na'am, Inna."

Tana tsaye da jaririyar a hannu ɗaya, majanyi a ɗayan. Ta ce, "Juyo."

Na ce, "Inna, don Allah kar ki ba ni ita."

"Na ce ki juyo."

Ta ɗora mini ita a baya, ta ja zane, ta ɗaure majanyin da hannunta tamau. Sannan ta zagayo gabana, ta kama haɓata ta ɗago, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ki saurare ni, sau ɗaya zan faɗa. Ran Tanko ba a hannunki yake ba. Da a hannun mutum rai yake, nawa hannun ya fi naki ƙarfi, kuma da ban sake shi ba. Ni na ce ki tafi da shi. In akwai mai laifi, da ni za a fara, kuma na kai ƙarata wurin Allah na bar ta a can. Ke ma ki kai taki ki baro ta. Na ji abin da ake faɗa a bakin rijiya. Ta nan za ki bi, su gan ki da goyon nan."

Ta ɗora mini akushi a ka. Na fita ina kuka, jaririyar na wasa da kitsona. Na bi ta bakin rijiyar kamar yadda ta ce, matan suka yi tsit. Har na isa fadama hannuna ɗaya na tallafe da goyon. Da Baba ya hango ni ya tsaya da sara, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Sannu da rana. Kawo nan inuwa." Bayan wannan rana Inna ta koma "ke" da "yarinyar nan," har ta bar duniya ba ta sake kama sunana ba. Ban kuma buƙata ba.

Aikin ya ci sauran rani. Suka kayar da giginyu suka tsaga su azara-azara. Kowace rijiya sai an share ganyen gefenta, a ɗaga mata baki da marmara da laka har ƙugun babban mutum, a jera azara a sama, a bar 'yar ƙofa daidai wucewar guga. Baba bai fara da tamu ba, ya fara da ta ƙarshen fadama yana tahowa. Gona-gona yake bi yana sallama yana neman izini, kamar shi ake yi wa alfarma. Wasu suka kama masa, wasu suka ce baƙin ciki ya taɓa shi. Akwai wani tsoho mai taurin kai da ya tare shi a bakin gonarsa, ina wurin da akushi a kaina.

Ya ce, "Kai yanzu gardama za ka yi da ƙaddara? Abin da Allah ya rubuta, azara ce za ta hana shi?"

Baba ya ce, "Ba za ta hana ba, Malam. Amma in tambaye ka, me ya sa ka yi wa rumbunka murfi? Ai hatsin da aka rubuta za ka ci, ruwan sama ba zai ɓata shi ba."

Mutanen da ke wurin suka yi dariya, tsohon ya ɓata rai. Baba ya sassauta murya ya ce, "Ba ƙaddara nake tarewa ba. Ni dai na gani da idona. Ranar da za a tambaye ni me na yi bayan na gani, ina so in sami abin faɗa." Tsohon ya kauce daga hanya. Kashegari shi ya fara kawo marmara a jakinsa.

Da azararmu ta ƙare, wasu suka ba da tasu. Inna ta riƙa dafa wa ma'aikata abinci daga rumbunmu, Iya tana faɗan hatsi zai ƙare tana kuma miƙo kuka da daddawa daga ɗakinta. Kowace azara Baba zai ɗora sai ya yi bisimilla ya ce, "Allah ka kai ladan ga yaron nan da iyayensa." A hankali muryarsa ta dawo. Wata rana har na ji ya yi wa Baffa dariya don ya zame cikin laka.

Tamu ce ta ƙarshe. Lokacin bazara ta kama, hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Baffa ya ce, "Yaya, wannan kam mu cike ta da ƙasa kawai, a manta da ita."

Baba ya ce, "Ruwan bai yi laifi ba. Shi ya shayar da raken da ya ciyar da mu."

Suka yashe ta, suka gina, suka jera azara. Da aka gama Baba ya dube ni ya ce, "Ke, ɗebo mini." Tun ranar da abin ya faru ban matsa kusa da ita ba. Na tsaya. Ya miƙo mini guga ya tsuguna ya naɗe hannun riga yana jira. Na zura igiya ta 'yar ƙofar, na ji guga ta taɓa ruwa, na jawo. Na zuba masa ya yi alwala, Baffa ma ya yi, suka tsaya a kan ganyen rake suka yi azahar. Da suka sallame Baba ya daɗe da hannu a sama. Ya shafa, ya ce wa Baffa, "Gobe ka fito da dokin nan, ya huta ya isa."

Raken da ya tsira bai taka kara ya karya ba. Daminar nan mun sha rama da tafasa, tuwo sau ɗaya a yini. Allah bai sake ba su Inna ɗa namiji ba, mata biyu suka ƙaru. Amma ba mu tafi Saulawa ba, kuma har aka kai ni ɗakin miji ban sake jin yaro ya faɗa rijiya a fadamar nan ba. Duk shekara kafin a fara yanka, Baba sai ya zagaya ya taka kowace azara da ƙafarsa, wadda gara ta ci ya sauya ta, har gwiwa ta hana shi.

Ni ma daga baya na binne nawa biyu, ɗaya ƙyanda, ɗaya zazzaɓin kwana uku. Na san yadda ƙasa ke juyawa da uwa. Yanzu in an yi rashi gaisuwa ta waya take zuwa, kowa ya ce a yi haƙuri, kuma gaskiya ne, haƙurin ne magani. Sai dai mutane da yawa sun ɗauka haƙuri shi ne naɗe hannu. Ni a gidanmu ba haka na gan shi ba. Na ga haƙuri ya ɗauki gatari, na ga ya ɗaura majanyi.

A unguwar da nake zaune yanzu a Ikara, masu aikin hanya sun ɗebi jar ƙasa a bayan makarantar yara, suka tafi suka bar rami ya fi tsayin mutum biyu. Ruwan bana ya cika shi. Da idona na ga yara suna tsalle a bakinsa bayan an tashe su. Na je wurin mai unguwa sau uku, kullum sai ya ce, "Hajiya, an kai magana sama, ki ƙara haƙuri." Na ce masa to, na ji. Jiya na sa an wasa mini adda. Akwai ƙayar bagaruwa jibge a bakin maƙabarta, na kuma yi magana da mata huɗu da muke Islamiyya tare. Gobe in Allah ya kai mu, ina shan kokona za mu fara shinge daga gefen da yaran ke bi. Duk namijin da ya ji kunyar ganin tsohuwa tana jan ƙaya a titi, ƙofa a buɗe take, ya zo ya karɓe ni.